Yaro ya bugu a ka: a zauna a sa ido ko a kama hanyar Sakkwato?

Wata Laraba da la'asar ƙanwata ta kira ni tana kuka har ban iya jin abin da take faɗi, sai da Inna ta karɓi wayar ta ce min "kai maza ka zo, yaron nan ya faɗo daga amalanke kai ya fashe, a nemo mota a wuce da shi Sakkwato." Ni nas ne, na kwana biyu ina aiki nan Gusau, amma wallahi da na shiga gidan na ga jini ya wanke mai fuska da riga har ƙirji sai da gabana ya faɗi. Shekararsa 6. Na durƙusa na danne wurin da tsumma mai tsabta, sai ya ɗago ya kalle ni ya ce "Kawu dan Allah kar a yi min allura." Nan hankalina ya ɗan kwanta. Ya gane ni, ya san abin da yake tsoro, bai suma ba, bai yi amai ba, ciwon kuma a goshi yake. Muka kai shi asibiti aka yi ɗinki uku da allurar tetanus, muka zauna da shi har bayan isha'i, washegari yana tsakar gida yana wasa.

Bayan kamar wata biyu sai ga na ɗan maƙwabcinmu, shi shekara 9, ɗan kabu-kabu ya kwashe shi da azahar a bakin titi. Ko ɗigon jini babu, ɗan kumburi ne kawai saman kunnen dama. An ce ya ɗan yi shiru a ƙasa sannan ya tashi ya karkaɗe rigarsa, kowa ya ce Allah ya kiyaye, har abinci ya ci. Bayan magariba ya fara amai, ya fara surutai marasa kan gado, yana kiran uwarsa da sunan wata, sai aka ce iska ce ta taɓa shi, aka turara gida aka ɗauko malam. Ni sai bayan isha'i labari ya iso ni, na tarar ana girgiza shi da ƙyar yake buɗe ido. Muka kwana da shi a asibiti don dare ya yi babu direban da zai hau hanya, da asuba aka wuce da shi Sakkwato, hoto ya nuna jini ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, aka yi mai tiyata.

Tun daga lokacin nake son in rubuta wannan, saboda a duka biyun mutane sun karanta abin a juye. Mai jini aka so a ruga da shi kilomita sama da 200, marar jini aka bari a gida. Fatar kai tana da jijiyoyin jini sosai shi ya sa ɗan tsaga kaɗan sai ka ga kamar an yanka rago, amma abin da ke kashe yaro yana ciki, inda ido bai gani.

To zaɓin dai biyu ne a gaban uba. Ko a zauna a sa wa yaro ido na wasu awanni, ko a tafi inda ake hoton ƙwaƙwalwa, wanda muke ce ma siti sikan, kuma inda in an ga jini akwai likitan da zai buɗe kan ya cire shi. A yankinmu wurin da aka sani da wannan aiki shi ne cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai na uku da mutane ke so ƙwarai, wato hoton ƙashi na eksire, sai a ce ai an yi hoton kai ba a ga komai ba. Dan Allah a cire wannan daga lissafi. Eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jini ba ya nuna ƙwaƙwalwa, yaro zai iya zama ƙoƙon kansa lafiya lau alhali jini na taruwa a ciki.

Amfanin siti a fili yake, cikin 'yan mintoci za a ga in akwai jini ko karaya ko kumburi. Amma yana da nasa. Na farko kuɗi, ga na hoton ga na mota ga na kwana da ci, talaka sai ya sayar da akuya ko buhun gero. Na biyu ƙaramin yaro ba ya kwanciya shiru, wani lokaci sai an ba shi maganin barci kafin a ɗauka. Na uku wanda mutane ba su sani ba shi ne hasken da injin ke harbawa yana ratsa kai, kuma jikin yaro ya fi na babba jin sa. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike daga Birtaniya da ya bi yara da matasa kusan 178,000 da aka taɓa yi wa siti, suka lissafa cewa a yara 'yan ƙasa da shekara 10, cikin kowane hoton kai 10,000 ana samun ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekara goma da suka biyo. Kaɗan ne ƙwarai, kuma in yaro na da alamun haɗari wannan bai isa ya hana a yi ba ko kusa. Amma ya isa ya sa kar a riƙa yi wa kowane yaron da ya yi ƙululu a goshi.

Shi kuma sa ido ba ya cin kuɗi sosai, ba wahalar hanya, kuma mafi yawan yara shi kaɗai suke buƙata. Matsalarsa ɗaya ce amma babba, in mai sa idon bai san abin da yake dubawa ba, ko kuma ya gani a lokacin da hanya ta rufe.

Abin da ya fi taimaka min a aiki shi ne wani bincike da aka yi a Amurka, na wata ƙungiyar asibitocin yara da ake kira PECARN, shi ma Lancet ta buga shi a 2009. Sun tattara yara 42,412 a sashen gaggawa na asibitoci 25, duk waɗanda suka bugu a ka amma suka zo idonsu biyu. Kusan 15,000 aka yi wa siti, amma waɗanda aka samu da raunin ƙwaƙwalwa mai haɗari su 376 ne, ko ɗaya cikin ɗari bai cika ba, waɗanda aka yi wa tiyata kuwa 60 kacal. Daga nan suka zauna suka tace alamomin da suka raba waɗannan 'yan kaɗan ɗin da sauran. A 2017 aka sake gwada ma'aunin nasu a kan yara sama da 20,000 a Ostareliya da Niyu Zilan, ya tsaya da ƙafarsa.

Ga yaron da ya kai shekara 2 zuwa sama, biyu ne manya. Ɗaya hankalinsa ya canza, wato yana magagi, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko yana jinkirin amsawa, ko barci na fizgarsa, ko ya birkice da faɗa ba dalili. Ɗayan kuma alamar karaya a gindin ƙoƙon kai, jini ko ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, ko kewayen idanu biyu ya yi baƙi, ko bayan kunne ya yi shuɗi. Wanda ke da ɗaya cikin waɗannan, kusan 4 cikin 100 ne ke da mummunan rauni, shi babu wani zama a yi shawara, hoto kawai. Sai na tsakiya guda huɗu, ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ya yi amai, kai na sara mai tsanani, ko kuma yadda abin ya faru ya yi muni. Munin nan sun fayyace shi, mota ko babur ya buge yaro yana tafiya ko yana kan keke ba hular kwano, mota ta wuntsila da shi ko ta cillo shi waje ko wani ya mutu a cikinta, ya faɗo daga abin da ya wuce ƙafa 5, ko wani abu mai ƙarfi ya sauka a kansa. Ku duba reshen mangwaro da darbejiya da yaranmu ke hawa, da katanga, da saman tifar yashi, duk sun wuce ƙafa 5. Masu waɗannan na tsakiyan kusan 1 cikin 100 ne ke da haɗari. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin shidan, bai kai 1 cikin 2,000 ba, kamar ɗan ƙanwata kenan.

Jarirai da 'yan ƙasa da shekara 2 nasu daban, tunda ba sa magana. Su ana duba ko hankali ya canza, ko in ka shafa kan ka ji ƙashi ya lotsa ko ya yi tsaga, waɗannan su ne manya. Sannan kumburi a gefen kai ko tsakar kai ko ƙeya (na goshi bai cika zama matsala ba), suma ta daƙiƙa 5 ko fiye, da faɗowa daga abin da ya wuce ƙafa 3, wanda in zane ya kwance jariri ya sulluɓo daga bayan babbar mace ai ya kai. Na ƙarshen shi ya fi burge ni, wato uwa ta ce yaron nan ba haka yake ba. Masana da injinansu suka tabbatar maganar uwa ma'auni ce. Saboda haka ke uwa in kin ga ɗanki ya ƙi nono, kukansa ya canza, ko maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, ki faɗa da ƙarfi ko da surukai sun ce kin cika tsoro, mu ma ma'aikata ya kamata mu riƙa saurara ba mu ce wa mace ta yi shiru ba.

Yanzu ga inda nake ganin dole mu yi namu lissafin. Su can in an ce a sa wa yaro ido awa huɗu zuwa shida, yana kwance ne a ginin da injin siti yake, likitan tiyata na hawa na sama, in ya canza cikin minti ashirin an shiga da shi. Mu kuwa mutumin Anka ko Maru ko Shinkafi ko Tsafe, tsakaninsa da wannan likitan akwai awanni, ga ramuka, ga shingaye, ga halin da hanyoyinmu ke ciki wanda ba sai na faɗa ba, magariba na yi an rufe tafiya. Don haka ni a ganina yaron da ke rukunin tsakiya bai kamata a yi zaman sa idonsa a ƙauye ba. A matsa da shi tun rana na sama, aƙalla zuwa babban asibiti irin na tarayya (FMC) ko asibitin Yariman Bakura, duka a Gusau, inda likita zai duba shi ya yanke ko a wuce ko a tsaya, in kuma kuna wajen Talata Mafara ko Bakura ai kun riga kun rage hanyar Sakkwato. In alamun tsakiyan sun haɗu biyu ko uku, ko ɗaya ce amma tana ƙaruwa, amai ya zama uku, ciwon kai na daɗa tsanani, ko jaririn bai kai wata uku ba, ni hoto zan zaɓa. Ɗan maƙwabcina babur ya buge shi kuma ya ɗan suma, alama biyu kenan tun azahar. Da an tashi a lokacin, da kafin magariba yana Sakkwato da ƙafarsa.

Irin nasa ɗin shi ya fi yaudara. A gefen kai saman kunne ƙashin siriri ne kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa, in ta tsinke yaro kan farfaɗo ya yi kamar ba komai na wasu awanni, jinin na taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, sai daga baya ya faɗi. In an cire jinin da wuri yawanci sukan warke sarai. Shi ya sa bugun gefen kai nake jin tsoronsa fiye da na goshi.

Kuma kafin ku hau mota a buga waya a tambaya ko injin na aiki a inda za ku, a karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara gani, a rubuta ƙarfe nawa abin ya faru da sau nawa ya yi amai. Kar a ɗura mai abinci ko kunu a hanya saboda ƙila a shiga tiyata. In bai cikin hayyacinsa a kula da wuyansa, a ɗauke shi kai da jiki a miƙe kan katako ko ƙyaure, in zai yi amai a juya shi gaba ɗaya ta gefe.

In kuma an zaɓi zama, to a yi shi da gaske. Mutum ɗaya babba ya ɗauki nauyin, ba a bar wa yayarsa 'yar shekara goma ba. Farasitamol ya isa, kar a ba da asfirin, kar a ba da maganin tari mai sa barci ko turamol ko wani abu da zai ɓoye alamu. Allurar deksa da wasu masu kemis ke yi wai don kumburin kai ita ma a bar ta, wani babban gwaji da aka yi a kan manya kusan 10,000 aka buga a 2004 ya nuna irin wannan rukunin magani ƙara mutuwa ya yi ga masu raunin kai. Maganar kar a bar yaro ya yi barci kuwa, zai iya barcinsa, abin da ake so a daren farko a riƙa tada shi bayan 'yan awanni a ga ya farka kamar yadda ya saba, ya gane mutane, ya motsa hannu da ƙafa duka. Jijjiga, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko gefe ɗaya ya saki, ko tafiya tana tangaɗi, ko ya ƙi tashi, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nufi asibiti mafi kusa.

Sai maganar iska, don ita ce ta ci mana awanni a kan yaron nan kuma tana ci wa mutane da yawa. Ni musulmi ne na yarda da ruƙiya, ina tofa wa 'ya'yana addu'a kullum. Amma in yaro ya rikice farat ɗaya, tambayar ita ce wa zai fara ganinsa, malam ko likita, kuma amsata likita, malam ya biyo mu a mota yana karatu babu wanda zai hana shi. Dalili shi ne abubuwan da ke birkita yaro cikin kwana ɗaya a ƙasar nan yawancinsu na jiki ne kuma suna kisa da sauri. Bugun kai da aka manta da shi, maleriya da ta hau kai, sanƙarau wanda ba mu manta abin da ya yi mana a 2017 ba, sukarin jini ya faɗi, ko ya sha wata ƙwaya. Mu Zamfarawa muna da ƙarin guda, gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma da jijjiga da fita hayyaci ta riƙa zuwa. Yaron da ke zaune inda ake dakan dutsen zinari in ya canza hali a gaya wa likita wannan. Zazzaɓi, sanƙarewar wuya, rashin sanin inda yake ko wa ke gabansa, duk suna nuna jiki ne.

Akwai kuma wanda da gaske damuwar ƙwaƙwalwa ce. Yaran da suka ga an shigo garinsu da bindiga, suka kwana daji, wasu aka ɗauke su aka dawo da su, sai ka ga yaro ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin barci, ƙarar babur ta sa shi shiga ƙarƙashin gado, budurwa ta daina magana ta daina cin abinci. Wannan ba na gudu cikin dare ba ne in dai yana ci yana sha yana gane mutane, amma yana son likita, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. Duka da ɗaurin mari ƙara lalata su suke, kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙi. Wanda ba a jira da shi shi ne yaro ko yarinyar da ta ce gara ta mutu, ko ta fara yanka jikinta. A zauna da ita a tambaye ta kai tsaye cikin taushi, bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, har a Amurka akwai 'yan tambayoyi huɗu da nas ke yi wa yara a sashen gaggawa don gano wannan. Kar a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da ƙwayoyi daga ɗaki. In har ta riga ta sha, kar a ɗura mata manja ko madara don ta yi amai, yana iya wucewa huhu, a cire kayan da maganin ya jiƙa a ɗauki kwalbar a ruga asibiti, akwai allurar da ke karya wannan gubar.

Ko bugun kai ɗin ma da aka yi hoto ba a ga komai ba yakan bar saura. Wani bincike a Kanada a 2016 kan yara kusan 3,000 da ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku har bayan sati huɗu suna fama da ciwon kai ko jiri ko mantuwa ko saurin fushi. A bar yaro ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma harkokinsa a hankali, ƙwallo da kokawa da hawan bishiya su zo a ƙarshe, kuma a je a gaya wa malamin allo da na boko don kar a sa mai bulala a kan hadda ta ƙi zama.

Ɗan maƙwabcin nawa ya yi sati biyu a Sakkwato. Ya dawo da tabon ɗinki kamar lauje saman kunne, hannunsa na hagu har yanzu bai gama ƙarfi ba, uwarsa na sa shi matsa ƙwallon roba safe da yamma kamar yadda aka koya mata. Makon jiya na gan shi ya riƙo allonsa da hannun, zai tafi makaranta.